Su wane ne K, H, Lentulo da Gates-Glidden da ake kira a ɗakin aikin jijiyar haƙori?

Tambaya: Dakta, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a sashen kula da lafiyar haƙori, kwanan nan aka fara tura ni ɗakin da ake aikin jijiya. Likita sai ya miƙo hannu ya ce a ba shi K lamba 15, ko H, ko Gates-Glidden, ko Lentulo. Na haddace su, amma su wane ne waɗannan mutane, kuma wa ya ƙirƙiro aikin? Sannan kawuna ya ƙi yarda a yi masa, wai ya ga bidiyo an ce haƙorin da aka cire wa jijiya yana jawo cutar daji.

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya ƙirƙiro aikin jijiya. Abin da ke kan tiren da kike jerawa da safe taron ƙoƙarin mutane ne da yawa cikin shekara kusan ɗari uku, wasunsu ma ba likitocin haƙori ba ne. Maganar kawu kuma tana cikin tarihin nan tsundum, za mu iske ta a hanya.

A cikin kowane haƙori akwai ɗan ɗaki, daga ɗakin kuma siraran hanyoyi sun gangara cikin saiwa har ƙarshenta. Abin da ke ciki shi mutane ke kira jijiya, amma ba jijiya kaɗai ba ce, tsoka ce mai laushi da jijiyoyin jini da na jin zafi a haɗe. Idan ruɓa ta ci ta kai wurin, ƙwayoyin cuta suka shiga, tsokar ta kumbura a wurin da babu sararin kumbura. Ciwon da ke hana babban mutum barci ke nan. Mutanen da ba su san haka ba, daga tsohuwar Iraƙi har Turai har ƙasar Hausa, tsutsa suka ɗora wa laifi, kuma har gobe akwai masu turara wa mutane hayaƙi su nuna musu "tsutsar" da ta fito. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa At-Tasrif yadda ake lalas da ƙarfe mai zafi ta cikin ɗan bututu don kada a ƙona dasashi. Bafaranshe Pierre Fauchard, a littafinsa na 1728, ya yi watsi da zancen tsutsa, ya kuma bayyana yadda ake huda haƙori a saki mugunya. Duk wannan neman sauƙin ciwo ne kawai. 

Ƙarni na 19 ne ya kawo kayan aiki, kusan duk daga Amurka. A 1836 Shearjashub Spooner ya ba da shawarar a riƙa sa gubar arsenik a kan jijiya a rufe, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tana kashewa kuwa, sai dai ba ta san iyaka ba: in ta yoyo sai ta ci dasashi da ƙashin muƙamuƙi. Duk da haka an shafe shekaru masu yawa ana amfani da ita, don babu allurar kashe zafi. A 1838 Edward Maynard na Washington ya goge sifirin na agogo ya mayar da shi siririyar allura mai shiga cikin saiwa, kakar duk ƙarafan da kike gani yanzu. Mutumin nan ya fi suna a wajen masu tarihin bindiga, don ya ƙera wata bindiga da aka yi yaƙin basasar Amurka da ita. A 1864 Sanford Barnum na New York ya huda 'yar shimfiɗar roba ya zura haƙori ta ciki don ya raba shi da yawu. Ni a ganina babu ƙirƙirar da ta fi wannan daraja a duk jerin, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a asibitocinmu. Aikin jijiya ba tare da robar nan ba, kina wankewa yawu yana mayar da ƙazanta, ga haɗarin mara lafiya ya haɗiye ƙarfe.

Jajayen tsinkayen nan da ake cika hanyar da su a ƙarshe, gata-faca, danƙon wata bishiya ce ta yankin Malesiya. Turawa sun san shi sosai daga 1843, suka riƙa naɗe wayoyin tangaraho na ƙarƙashin teku da shi, suna yin ƙwallon golf da shi. A 1867 wani likita mai suna Bowman ya cika saiwar haƙori da shi, kuma yau fiye da shekara 150 ba a sami abin da ya ture shi gaba ɗaya ba.

Abu biyu suka rage: kashe zafi da gani. Carl Koller ya nuna a 1884 cewa hodar koken na kashe zafin ido, likitocin haƙori suka ɗauka, amma tana da haɗari kuma tana kama mutum. Alfred Einhorn ya haɗa Novocain a Jamus wajen 1905, sannan Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin a 1943, wadda muke yi har yanzu. Gani kuma ya zo da Röntgen a ƙarshen 1895. Cikin 'yan makonni wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa da kansa, ya kwanta minti 25 hasken na dukansa. A New Orleans, Edmund Kells ya fara zura waya cikin saiwa ya ɗauki hoto don ya san tsawonta. Da yatsunsa yake riƙe fim ɗin, shekara da shekaru, har hasken ya cinye yatsun, aka yanke hannun, daga baya aka yanke har kafaɗa. In kin ga ana matsa miki ki koma bayan bango kafin a danna na'urar hoto, irin su Kells ne suka biya kuɗin wannan darasi.

Yanzu ga maganar kawu. A 1910 wani likitan Landan, William Hunter, ya yi lacca a Jami'ar McGill ta Kanada, ya caccaki likitocin haƙorin Amurka da cewa suna ɗora hular zinariya a kan ruɓaɓɓun haƙora, suna rufe ƙazanta da ado. A kan wannan yana da gaskiya. Amma sai aka ja maganar ta wuce inda ya ajiye ta. Aka ce duk haƙorin da jijiyarsa ta mutu matattarar cuta ce da ke aika guba zuwa gaɓoɓi da zuciya da ƙoda har da ƙwaƙwalwa. Weston Price, wanda ya buga sakamakonsa a 1923, yakan cire haƙorin mara lafiya ya dasa shi ƙarƙashin fatar zomo, in zomon ya yi ciwo ya ce ga hujja. Ba a tsare gwajin daga gurɓata ba, yawan ƙwayoyin cutar da ake ɗura wa ɗan zomo ya wuce misali, kuma waɗanda suka maimaita gwajin da tsabta ba su sami abin da ya samu ba. Kafin a gane haka an yi ɓarna. Shekara kusan talatin ana zubar wa mutane da haƙora masu gyaruwa, wasu ma lafiyayyu. A wani asibitin masu taɓin hankali da ke Trenton, Henry Cotton ya riƙa cire wa majinyata haƙora, wasu har da yankin hanji, wai yana maganin hauka, mutane da dama suka mutu. A 1938 wasu likitoci biyu, Cecil da Angevine, suka bi majinyata 200 masu ciwon gaɓoɓi, suka ga cire haƙora da 'yan wuya bai warkar da su ba. Daga nan guguwar ta fara kwantawa.

Bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp gwajin zomayen Price ne aka sake wa riga. Babu ingantaccen bincike da ya nuna aikin jijiya na jawo cutar daji. Abin da ke gaskiya shi ne ƙwayoyin cutar baki na iya shiga jini, shi ya sa wasu masu lalurar ƙofofin zuciya ake ba su magani kafin a taɓa su. Kuma haƙorin da aka bari da mugunya shi ne abin tsoro. Akwai kumburin da ake kira da sunan Ludwig, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836: yawanci daga turmin ƙasa yake tashi, ya cika ƙarƙashin haɓa ta gefe biyu, ya yi tauri, ya tura harshe sama har numfashi ya gagara. Duk wanda ya yi aiki a sashen gaggawa na babban asibiti a Arewa ya gan shi, sau da yawa bayan an ɗauki makonni ana shan maganin kemis. Kawu yana da zaɓi biyu masu kyau, a gyara ko a cire. Zama da shi haka ne ba zaɓi ba.

Waɗanda suka riƙe sana'ar a shekarun da ake zubar da haƙora ba su da yawa. Babbansu Louis Grossman na Jami'ar Pennsylvania, wanda littafinsa na 1940 ya zama abin karatun kowa. Sunansa na kan wani man liƙi da ake shafa wa gata-faca, haɗin farar hodar zink da man kanumfari. Ƙamshin nan da ke tarbar mutum a ƙofar ɗakin haƙori, na kanumfari ne, wanda kakanninmu ke cusawa a ramin haƙori. Sun yi daidai cewa yana kwantar da zafi, sai dai ba ya hana ruɓa ci gaba. A 1943 aka kafa ƙungiyar masu wannan fanni a Chicago, a 1963 aka amince da shi a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a Amurka. Hujjar da ta rufe gardama kuwa ta zo a 1965, daga Kakehashi da Stanley da Fitzgerald. Suka huda haƙoran ɓeraye kashi biyu, suka bar jijiyar a buɗe. Kashi ɗaya ɓerayen gama-gari ne, ɗayan kuma an haife su an raine su a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Na gama-garin jijiyarsu ta mutu, mugunya ta taru. Na biyun, duk da abinci na cusuwa cikin ramin, jijiyar ta warke har ta gina sabon bango. Wato ba rauni ke kashe jijiya ba, ba kuma matacciyar jijiya ce cutar ba. Ƙwayoyin cuta ne. Da zarar kin riƙe wannan, kowane ƙarfe a tiren zai yi miki ma'ana, don dukkansu hanya suke buɗe wa ruwan wanki.

To ga su ɗaya bayan ɗaya. K ba sunan likita ba ne, harafin farko ne na kamfanin Kerr na jihar Michigan, wanda ya fara ƙera shi a farkon ƙarni na 20. Waya ce mai kusurwa huɗu ko uku aka murɗe ta. Ana ɗan juya ta dama da hagu tsakanin yatsu a ja, tana da haƙuri, shi ya sa da ita ake fara laluben hanya. H kuwa mutum ne, Gustav Hedström, likitan haƙori ɗan Suwidin. Ita ba murɗe ta aka yi ba, sassaƙa ta aka yi daga waya mai zagaye. Ki ɗaga ta a haske ki duba, za ki ga ƙananan mazurarai a jere, ɗaya cikin ɗaya, bakin kowanne na kallon sama. Wajen ja kawai take yanka, kuma tana yanka sosai. Amma wanda ya murɗa ta cikin matsattsiyar hanya, za ta kafe ta karye, a wuni ana neman guntun. In kin ga H ta fara warwarewa ko wani wuri yana ƙyalli daban, kada ki mayar da ita cikin jeri.

Gates-Glidden sunan mutum biyu ne aka haɗa, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 take. Doguwar siririyar wuya ce da ɗan kai mai siffar harshen wuta, tsininta ba ya yanka, aikinta faɗaɗa bakin hanya. Lambarta daga 1 zuwa 6, ki ƙirga zobban da ke gindinta ki san lamba: ta ɗaya rabin milimita ce, ta shida milimita ɗaya da rabi. Dabarar da ke cikinta tana burge ni. An raunana wuyan da gangan can sama kusa da inji, don in za ta karye ta karye a inda za a kama guntun da hantsaki a zaro. 'Yar uwarta Peeso, daga Frederick Peeso na Philadelphia, ta fi ta tsawon wurin yanka da taurin kai, an fi amfani da ita wajen haƙa gurbin ginshiƙin da zai riƙe hula. Lentulo kuma Henri Lentulo ne, likita a Faransa mai asalin Italiya, wanda ya fito da ita a 1928. Ba ta yanka komai. Naɗinta ne aka yi ta yadda in tana juyawa dama sai ta tura man liƙi ko magani ƙasa. In aka kuskura inji na juyawa hagu, sai ta cusa kanta ciki ta tsinke.

Tsarin lambobin da ke hannayen K da H kuma aikin John Ingle ne da abokansa, daga 1958, kuma kowace lamba da launin hannunta. Kafin nan kowane kamfani da lambarsa, lamba 3 ta wannan ba ita ce 3 ta wancan ba. Yanzu lamba tana faɗin kaurin tsini: 15 na nufin kashi 15 cikin ɗari na milimita. Fari 15, rawaya 20, ja 25, shuɗi 30, kore 35, baƙi 40, sai launukan su sake zagayowa daga 45. Ƙananan ukun, 6 da 8 da 10, su ne ruwan hoda da ruwan toka da shunayya. Ingle ya fi Gates da Glidden tasiri nesa ba kusa ba, amma ba wanda ke miƙa hannu ya ce a ba shi Ingle.

Ruwan wankin ma yana da mai shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, wajen 1915, masanin sinadarai ɗan Ingila Henry Dakin da likitan tiyata Alexis Carrel suka riƙa wanke raunukan sojoji a Faransa da sinadarin da ke cikin bilic, an sirka shi zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Daga can ya shigo haƙori. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma narkar da ragowar tsoka, kuma wannan na biyun ne ya sa babu madadinsa. Dalili kuwa, tun 1917 Walter Hess na Zurich ya ɗura roba cikin dubban haƙora, ya narkar da haƙoran, ya ga siffar abin da ya rage. Ashe hanyar ba miƙaƙƙen bututu ba ce. Lungu da saƙo ne irin na tsohon gari, wani ya rabu biyu ya sake haɗewa, wani ya ɓulle ta gefe. Ƙarfe ba ya shiga duk waɗannan, ruwa ne ke shiga. Frank Vertucci ya tsara siffofin nan gida takwas a 1984, shi ne in kin ji ana cewa Vertucci na biyu, ana nufin hanya biyu da suka haɗe suka fita ta ƙofa ɗaya. Turmin farko na sama yana da saiwa uku, amma a fiye da rabin mutane hanya huɗu gare shi, ta huɗun a ɓoye. Sau da yawa in aiki ya dawo da ciwo a wannan haƙori, ita aka tsallake.

A littafin nazarin sassan haƙori za ki haɗu da wasu sunayen da ba su taɓa riƙe inji ba. Oscar Hertwig masanin dabbobi ne, a 1874 ya ga wani siririn mayafi na ƙwayoyin halitta da ke tsara siffar saiwa, kuma a dangin kwaɗi ya gani, ba a mutum ba. In saiwa ta gama girma mayafin sai ya wargaje, guntayensa su zauna a gefen saiwa har tsufa. Guntayen nan su ne ake kira da sunan Malassez, Bafaranshen da ya bayyana su a shekarun 1880. Ba sa komai sai in mugunya ta daɗe a ƙarshen saiwa, sai su farka su yi ta ninkuwa har su zama jakar ruwa mai cin ƙashi a hankali. Baƙin da'irar da kike gani a hoto ƙarƙashin tsohon mataccen haƙori wani lokaci ita ce.

Ra'ayina kan sunayen nan gaba ɗaya: ki riƙe su don da su ake magana a ɗakin aiki, kuma sun fi dogon bayani saurin faɗa. Amma suna ba ya gaya miki abin da ƙarfe ke yi, kuma rabon sunayen bai bi adalci ba. Masu tsara sunayen sassan jiki na duniya sun daina sa sunayen mutane a jerinsu na hukuma. Daga tsakiyar ƙarni na 20 ma al'adar ta ja baya, sunan sinadari ko na kamfani ya karɓe wurin. Ƙarfen nikel da taitaniyam mai lanƙwasa ya miƙe, wanda ya sauya aikin tun daga 1988, a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka aka gano shi, kuma ba ya ɗauke da sunan William Buehler da ya gano shi. Na'urar da ke ƙara in ƙarfe ya kai ƙarshen saiwa ta samo asali daga aikin Sunada na Japan a 1962, ba a kiranta da sunansa. Hodar MTA, wadda asalinta dangin simintin gini ce aka tace, Mahmoud Torabinejad ɗan asalin Iran ne ya fito da ita a Jami'ar Loma Linda a farkon shekarun 1990, da ita ake toshe hujin da a da sai dai a cire haƙorin. Ita ma haruffa uku kawai aka ba ta.

Cikin 'yan ƙalilan na baya-bayan nan da sunansu ya kama akwai Herbert Schilder na Boston, mai dabarar ɗumama gata-faca a danna ta ta cika lungunan, daga 1967, da kuma Miomir Cvek na Suwidin. Na Cvek nake so ki fi riƙewa, don za ki gamu da shi. Yaro ɗan shekara takwas ko tara ya faɗi daga keke, haƙorin gaba ya karye, ga jan ɗigo a tsakiya. Saiwarsa ba ta gama girma ba, in aka cire jijiyar duka ta tsaya ke nan da siririn bango. A 1978 Cvek ya ba da rahoton haƙora 60 da ya yanke wa kimanin milimita biyu kawai na saman jijiyar, ya rufe da kalsiyam haidiroksaid, kashi 96 cikin ɗari suka warke. Yau da MTA ko danginta ake yawan rufewa. In irin yaron nan ya shigo, ki tambayi iyayen yaushe ya faɗi, ki tambaya ko sun zo da guntun haƙorin, ki shirya roba da ruwan gishiri da sabon kan inji mai lu'ulu'u, ki bar K da H a cikin akwatinsu.